Tsirran Kalilu na Bakin Iyaka

A shekarar 1954 gwiwar Kalilu ta gaza, ya bar fatauci. Kafin nan ya daɗe yana kora jakuna tsakanin Katsina da Maraɗi, kuma ana lissafa shi cikin waɗanda suka san hanyoyin dajin nan ciki da waje. Da tafiya ta gagare shi sai ya sayar da jakunansa, ya bar guda, ya kafa rumfa a Magama, dab da inda matafiya ke hutawa kafin su shiga ƙasar Faransa, kamar yadda muke kiran Nijar a wancan zamani. Yana sayar da harawa da dusa, matarsa Hassana tana dama fura. Ni a lokacin ina koyarwa a Jibiya, nakan zauna a rumfarsa ranar da babu makaranta. Abin da zan faɗa, wani na gani da idona, wani kuma shi ya gaya mini daga baya.

A bayan rumfar akwai jerin fasassun tukwane, cikinsu wasu ƙananan tsirrai masu kaurin ganye, irin waɗanda ke riƙe ruwa a jikinsu. Na farko ya samo su ne a Maraɗi, wurin kukun wani Bature da ke shirin zubar da su. Ba su da suna a Hausa, don haka shi ya raɗa musu. Akwai kunnen ɓera, mai zagayayyen ganye. Akwai wani mai rarrafe yana zubowa ta bakin tukunya, wanda yake kira gashin tsohuwa. Amma wadda ya fi so ita ce 'yar toka: ganyenta kamar kan yatsa, launinta na toka, kuma idan zafin bazara ya tsananta sai gefen ganyen ya yi ja. Yakan haɗa musu yashin gulbi da dakakken kasko, ya huda gindin tukunya, ya daɗe bai ba su ruwa ba. Da damina yakan ja su ƙarƙashin rumfa, domin ruwa mai yawa ruɓar da su yake yi.

Ba a cin su, ba a shan su, ba su kare gona kamar aguwa. Kyau kawai suke yi masa, kuma wannan shi ne abin da ba ya iya faɗi. A wurinmu namiji yana shuka abin da za a ci, ko abin da zai yi magani. Dattijo mai furfura ya tsuguna yana kallon ganye don sha'awa, wannan abin dariya ne har wurin yara. Hassana kaɗai ta san gaskiya, kuma ba ta raga masa.

"Malam, awakin naka marasa nono sun ƙoshi?" takan ce. "In sun ƙoshi ga fura na jiranka."

Fatake kuwa suka yi wa abin tasu fassarar. Sun san gadali, tsiron da wasu ke raino a tukunya don asiri, sai suka ɗauka irinsa ne. Magana ta bazu cewa shi ya sa duk shekarun da Kalilu ya yi yana fatauci masu gadin iyaka ba su taɓa kama shi ba. Bai ce haka ne ba, bai kuma ce ba haka ba ne. Idan aka yi masa zancen sai ya yi murmushi ya ce Allah shi ne masani. Ya ga ana rage murya idan an zo kusa da tukwanen, ana ƙara rusunawa wajen gaishe shi. A ɗauke shi mai asiri ya fi masa sauƙi bisa a ɗauke shi mai wasa da fure.

Da bazarar 1956 Rabe ya zo. Mutumin Farfaru ne, ya koyi fatauci a hannun Kalilu, kuma bai daɗe da mallakar jakunan kansa ba. Ya ɗauko turamen yadi da goro. Irin wannan kaya ta ɓarauniyar hanya ake bi da su, a kauce wa masu gadin wancan ɓangare, amma hanyar doguwa ce kuma rijiyoyinta sun ƙafe a shekarar.

Rabe ya zagaya bayan rumfa ya durƙusa. "Baba, jakunan nan ba su kai ta daji. Ka taimake ni da abin da ke taimakonka, in bi gwadabe."

Kalilu ya ce mini a nan ne ya kamata ya buɗe baki. Amma akwai fatake a rumfa suna iya ji, ga kuma wanda ya koya wa fatauci yana dubansa kamar uba.

"Rabe, ka dai bi a hankali," ya ce.

"Wanne ya fi ƙarfi, Baba?"

Idon Kalilu ya faɗa kan 'yar toka, kamar yadda kullum yake faɗawa. Rabe ya bi idon, ya tsinki ganye, ya ƙulle a bakin rawaninsa, ya yi godiya har ƙasa. Da hantsi ya bi gwadabe da kayansa a fili.

Bayan 'yan kwanaki ya komo a ƙasa, ba kaya, ba jakuna. An tsare shi a tasha ta farko, an karɓe kome. Ina rumfar ranar da ya iso, kuma cike take da mutane, domin ranar kasuwa ce.

A al'adar masu asiri, idan magani bai ci ba, ba a ɗora wa mai shi laifi. Wanda aka ba shi ake bincika, a ce ya karya wani sharaɗi. Nan take mutanen rumfa suka fara wannan aiki.

"Ko ka waiwaya bayan ka tashi?" in ji wani.

"Waiwaye? Ku tambaye shi dai mai furar da ya tsaya wa a hanya," in ji wani, aka yi dariya.

Rabe bai yi dariya ba. Ya zauna a ƙasa ya dafe kai. "Na tube rawanin," ya ce. "Da na tsaya alwala na aje shi bisa dutse. Baba, ni na ɓata. Ka yafe mani, na wulaƙanta abinka."

Da Kalilu ya yi shiru, da zancen ya ƙare a nan, sunansa ma ya ƙaru. Hassana tana bakin ƙwaryar furarta, ta daina damu, tana dubansa. Kalilu ya dafa sandarsa ya miƙe.

"Tashi, Rabe. Ba ka ɓata kome ba. Ba magani ba ne."

"To mi ne ne, Baba?"

"Ganye ne. Kyau suke yi mani, shi ke nan. Ban taɓa riƙon asiri ba. Hanya na sani."

Sai wani matashin falke ya fashe da dariya, wasu suka bi shi. Wani dattijo ya yi tsaki ya tashi. Rabe ya dubi Kalilu.

"Don kyau?" ya ce. "Jakunana, Baba, don kyau?"

Kalilu ya ɗingisa zuwa turke, ya kwance jakinsa ɗaya da ya rage, wanda ke ɗauko masa harawa, ya miƙa wa Rabe igiyar. Rabe ya karɓa, bai yi godiya ba, kuma babu wanda ya ga laifinsa.

Daga ranar aka daina rusuna wa Kalilu. An daɗe ana kiransa Mai Fure, yara suna faɗi su ruga. Harawa kuwa ya koma ɗaukowa a ka, da gurguwar gwiwarsa, har ƙarfinsa ya ƙare. Na zaci zai farfasa tukwanen, amma bai yi ba. Ya kwashe su ya shigar cikin gida, inda baƙo ba ya gani. Na taɓa tambayarsa wanne ya fi ci masa rai, dariyar ko jakunan. Ya ce dariyar ta wuce, amma har gobe yana jin muryar Rabe yana neman gafararsa.

Yau Kalilu ya tsufa ƙwarai, ba ya fitowa, kuma wani ne ke riƙe da rumfar. Rabe ya farfaɗo, yana da shago a Jibiya. Duk sallah yakan aika wa tsohon da hatsi, amma bai sake shiga gidan ba.