Dutsen da Na Ce a Bari a Dama

Ku gyara zama, ku ara mini kunnuwanku, ga wata nan tafe. Ba tatsuniya ba ce, a kaina ta faru.

Ɗana na fari malamin makaranta ne a Kazaure. Ba zan faɗi sunansa ba, ban taɓa faɗa ba. Mu haka muka taso a ruga: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a kallonsa ido cikin ido, ba a nuna an damu da shi. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, ita ta raine shi. Ko da girma ya zo na dawo gidansa da zama, in ina da magana da shi sai in gaya wa matarsa, shi kuma ya tsinta daga inda yake zaune.

To, wannan ɗa nawa Allah ya ɗora masa son gudu. Ba gudun fili ba. Wani irin tsere ne da wasu malamai da tsofaffin sojoji suke shiryawa in an gama girbi. A kai mutum bakin daji, a miƙa masa takarda mai zanen ƙasa, taswira suke ce mata, da wani ɗan abu kamar agogo wanda allurarsa ba ta san ko'ina ba sai arewa. An riga an ɓoɓɓoye tutoci a bayan duwatsu, da cikin kwari, da gindin itatuwa. Kowa ya nemo su bi da bi, ya huda katinsa a kowace, ya dawo. Wanda ya riga dawowa da kati cike da huji, shi ne gwani. Mu da muna yara in muka kutsa daji, saniya ce ta ɓace. Su kuwa da hannunsu suke ɓoye ƙyalle, su koma suna haki suna nema.

Shekara da shekaru yana yi, kowace kaka da abin da yake kawo mana gida. Yau ƙaya, gobe farce ya fita, jibi targaɗe a idon sawun hagu. Wata shekara a gonakin Kanya Babba ya ɓata, don bayan girbi kowace gona kamar 'yar'uwarta take, sai a bayan babur wani ya dawo da shi, abokansa suna ta yi masa dariya wai malam da takarda ya nemi mai nuna hanya. Matarsa ta dafa ruwa ta gasa ƙafar, ta gaji, ta sake dafawa. Ni kuwa sai in yi kamar ban gani ba. In ajiye man shanu a ƙofar ɗakinta in ce, "Ga wannan, ko wani zai buƙata."

A shekarar da nake ba ku labari, idon sawun nan ya riga ya gaji. Da safe sai ya ɗan taka ya taka kafin ya saku. Matarsa ta sa ya yi mata alkawari wannan ne na ƙarshe. Shi kuma abu ɗaya yake nema: waɗanda suka zo a sahun gaba ana ɗaukarsu a kai su su kara da na wasu garuruwa, shi kuwa kullum da ɗan kaɗan ake barinsa. Sau ɗaya yake so a kira shi a cikinsu kafin ya ajiye takalmi. Sai aka ce a duwatsun Roni za a yi.

Duwatsun Roni kuwa ƙasata ce. Ina budurwa, ta cikinsu nake ratsawa da ƙwaryar nono daga rugarmu zuwa kasuwa. Akwai wani kwazazzabo mai zurfi da ruwan damina ya haƙa, ba ya ƙetaruwa sai ta wuri ɗaya. Alamarsa wani dutse ne da ya tsage biyu. Ka bar shi a hannun dama, ka wuce wata tsamiya, sai ka ga matakalar da kofaton shanu ya sassaƙa.

Ana gobe tseren, bayan la'asar, yana zaune a tsakar gida yana ɗinke takalminsa. Na juya masa baya ina tsince wake, na ce da matarsa, "A can Roni akwai kwazazzabo. Duk wanda ya isa tsagaggen dutse ya bar shi a dama, zai ƙetare tun wasu suna zagaye."

A inuwarsa da ke jikin bango na ga ya ɗaga kai, kamar mai son tambaya. Kunya ta kama ni. Na tattara wakena na shige ɗaki. Ina ji ya ce mata, "Ce wa Inna an ji."

Washegari bayan azahar aka kawo shi a kan babur, a tsakanin mutum biyu. Wani makiyayi ne ya tsince shi a ƙasan kwazazzabon, katinsa saura huji biyu ya cika, ba wanda ya riga shi isa wurin. Ƙafar ta juya ta kalli inda bai kamata ta kalla ba. Aka ce sai Babura, wurin wani tsohon maɗori.

A cikin mota na tambayi matarsa a hankali, "Daga ina aka sake su?"

Ta ce, "Daga bakin garin Roni, Inna, suka nufi wajen rugage."

Na dubi hannuwana biyu a kan cinyata. Ni duk tsawon shekarun budurcina da safe nake bin hanyar, daga ruga zuwa gari. In ƙwarya ta yi wayam, ta babbar hanya muke komawa da ƙawayena muna hira. Ta fuska ɗaya na san dutsen. Shi kuwa daga gari ya fito, damata ta zama hagunsa. Taswirarsa ta ce ya zagaya, ya ga tsagaggen dutse, ya naɗe takarda ya bi maganar uwarsa. Ta can ɓangaren ba matakala, gaɓa ce a tsaye, ta zabge da shi.

Haka muka isa Babura.

Maɗorin Babarbare ne, abokin wasanmu. Yana ganina a zaurensa ya fara.

"Ke Bafulatana, me ya fito da ke? Na ɗauka ku ba ku san kun haifi na fari ba."

"Yarinyar nan na rako," na ce. "Kai dai kama aikinka, in ka iya."

Ya tsuguna yana lalubar ƙafar da yatsunsa. "Malam, ga takarda a hannu, ga agogon arewa a wuya, kuma ka faɗa rami? Ai jakina bai yi makaranta ba, bai taɓa yin haka ba."

Ɗana yana cije leɓe, gumi na zuba, ya ce, "Ni na karanta takardar ba daidai ba, Baba."

Matarsa ta sunkuyar da kai. Ta san ba haka ba ne, ni ma na sani.

Maɗorin ya ce sai an danne masa gwiwar kafin ya ja. Matar tana da tsohon ciki, ba za ta iya ba. Ya dube ni ya ce, "To, 'yar rakiya, ko hannunki ma kunya yake ji?"

Na tashi. Na durƙusa na kama gwiwar ɗana da hannu biyu. Tun ranar da aka yaye shi ban taɓa jikinsa ba. Ƙafar duk tabo, tsoho a kan tsoho, ban san sun kai haka yawa ba. Na ɗaga kai na dube shi, na ga har furfura ta fara fito masa a gemu.

Na ce, "Ba takarda ba ce. Ni ce. Ta gefe ɗaya na san dutsen nan."

Ya ce, "Inna, da na tambaya."

Na ce, "Da na tsaya ka tambaya."

Maɗorin ya dube ni, ya dubi ɗana. Can ya ce, "Yau na ga abin ba da labari. Riƙe da kyau, kada ki sake shi karo na biyu." Ya yi bisimilla ya ja. Na ji ƙarar ƙashin a cikin tafin hannuna. Ya jera karare ya ɗaure, ya ce kada ƙafar ta taɓa ƙasa sai ya ba da izini, gudu kuwa an gama.

Maɗorin nan damina biyu ya ƙara, Allah ya karɓi abinsa. Har ya rasu, duk wanda ya je daga wajenmu sai ya ce a gaida masa Bafulatanar da ta san hanya. Matar ta sauka lafiya, namiji. Takalman gudun ta wanke su ta ba wani ƙanenta, da su yake zuwa gona.

Ɗana bai shiga sahun gaba ba, ba a taɓa kiransa a cikin waɗanda ake ɗauka ba. Yana ɗingishi har yau, in hadari ya haɗu ƙafar ke fara gaya masa. Yanzu shi ne mai ɓoye tutocin, a kan babur yake kai su. Wani lokaci yakan zo da takardarsa ya zauna nesa kaɗan, ya tambaye ni wani kwari ko wata tsohuwar rijiya ta wajen garin Gwiwa. Har yanzu ba na kiran sunansa. Amma ba na juya baya, kuma kafin in ce dama ko hagu sai na tambaye shi ta ina mai tafiyar zai ɓullo.

Ni kuwa ga ni nan, ƙafafu sun ƙi, ko kasuwa ba na zuwa. An ce tsamiyar ta faɗi, dutsen yana nan. Ban koma na gan shi ta ɗayan gefen ba. Nan tawa ta tsaya, ku miƙo mini ruwa.