Mai Guga Ta Ƙi Barin Ɗakinta

Ke, rage rediyon nan, ba ku kuka ce in ba ku labarin Mai Guga ba? Ba ku riske ta ba, sai babbarku, ita ma tana rarrafe lokacin. Gidan haya muke zaune, tsakar gida ɗaya, ƙofarta na kallon tawa, famfo a tsakani. Ta girme ni, Yaya nake ce mata. Guga take yi da dutsen gawayi, mai murfin nan mai nauyi. Ma'aikatan layinmu duk ita ke yi musu. In ta karya maka wando, har tsoron zama kake ji.

Mijinta direban babbar mota ne, ciwon baya ya sauke shi. Kullum yana gefenta. Shi ke hura wuta, shi ke zuba garwashi a dutse, shi ke miƙo riga. Har tsiya nake masa, in ce, "Direba, an koma yaron mota ke nan?" Sai ya ce, "Ke dai ki yi ta ƙyashi, naki ko ashana ba ya ƙyasta miki."

Da rana tsaka ya rasu, a kan benci, ba jinya ba komai. Jama'a suka yi gaisuwa suka watse. Ɗansu ɗaya ne, yana aiki a wani gari mai nisa, ya ce ta bi shi, ta ce a'a, nan ta saba.

Da ta koma aiki sai na ga abubuwa. Wata safiya na kai mata shayi a buta, ta ɗauka za ta zuba, sai ta zuba a gefen kofi, a ƙasa, tana ta min hira ba ta ma sani ba. Na ɗaga hannu na kaɗa a gaban fuskarta. Ko ƙiftawa.

Na ce, "Yaya, tun yaushe?"

Ta ce, "An daɗe. Inuwa kawai nake gani. Marigayi shi ne idona." Ashe duk rigar da ya miƙo mata, raɗa yake yi: fara ce, ta malamin makaranta ce, akwai maɓalli a kafaɗa, kula. Ɗakin ma shi ya tsara mata. Gwangwanin sukari ya ɗaura masa roba, na gishiri babu. Igiyar da ta tashi daga ƙofarta zuwa bayi, wadda duk muka ɗauka ta shanya ce, ita take bi da hannu.

Ta kama min zani ta ce, "Don Allah kar ɗana ya ji. A bene suke, can sama. Nan ƙafata ta san ko'ina. Can kujera za a ba ni, ko bayi sai matar ɗana ta riƙe min hannu. In na bar ɗakin nan na gama."

To me zan ce? Na karɓi aikin Direba, amma ni ina da nawa gidan, ga kakanku da ba ya jiran abinci. Da safe in hura mata wuta, in ware kayan, farare dama, masu kala hagu, in koma ɗaki. Ina girki idona na kan ƙofarta. Ko ƙaurin albasata na ji sai in fito a guje. Ran nan ta ƙona wuyan hannu, ta ja mayafi ta rufe, sai da ya yi ruwa na gani. Kasuwa ma na daina nisa. In na fita sai in yi ta ganin zaninta ya kama wuta ba kowa a gidan. Kakanku ya ce, "Ke wai wa ya mutu, mijinta ko naki? Dubi yadda kika rame." Ban iya faɗa masa ba, don bakinsa ba ya riƙe magana.

Muna haka sai ga ɗan nan da matarsa, ba sanarwa. Yarinyar kirki ce, amma hannunta ba ya zama. Tana gama gaisuwa ta ɗaura zani ta hau gyara. Ta juya gado, ta wanke gwangwanaye ta yar da robar, ta jawo kaskon gawayi tsakar gida don ta share lungun, da garwashinsa a ciki. Sai ta kai ga igiya. Ta ce, "Mama, igiyar nan ta yi ƙasa da yawa, za ta shaƙe mutum." Ta kwance ta naɗe.

Ni ina bakin famfo, kwano ɗaya nake ta wankewa. Mai Guga na zaune a bakin ƙofa tana cewa, "Allah ya yi albarka, 'yar nan." Aka ba ta shayi ta ƙi, aka ba ta ruwa ta ƙi. Na san dalili, tsoron tashi take. Amma tsohuwa ce, riƙon fitsari ma iyaka gare shi. Can ta miƙe, ta ɗaga hannu inda igiya take, ta kama iska. Ɗanta na kallonta. Maimakon ta zauna, sai ta daure ta taka, wai ita mai ido. Kai tsaye ta nufi kaskon, gefen zaninta na jan ƙasa.

Na san in na yi magana asiri ya tonu. Na ce, "Yaya, tsaya! Wuta a gabanki!"

Ta tsaya cak. Famfon da na bari yana ta zuba.

Ɗan ya taso a hankali ya tsaya gabanta. Ya ce, "Mama, wace irin riga ce a jikina?"

Ta miƙa hannu ta shafa kafaɗarsa har zuwa wuya. Ta ce, "Kalarta ban sani ba, amma wanda ya goge maka ita bai iya ba."

Bai yi dariya ba, hawaye ne ya zubo masa. Ya ce wa matarsa ta haɗa kaya, yau za su tafi da ita. Ni na kai ta bayi na dawo da ita, ta zauna daɓas a dokin ƙofa ta riƙe katako. Ta ce, "Sai dai ka ɗauke ni da ƙofar. Ubanka bai taɓa cewa na kasa ba, kai ne za ka fara?" Ya juyo kaina: "Gwaggo, kin sani kika yi shiru? In ta ƙone fa?" Na ce, "Ɗana, ni ma tambayar da ke hana ni cin abinci ke nan."

Suka yi ta ja har rana ta karkata. Surukar ce ta raba. Ta durƙusa ta ce, "Mama, faɗa min inda kowane abu yake in mayar." Ta ce wa mijinta, "Ɗakin ba shi ne haɗarin ba, wutar ce." A nan aka tsaya. Mai Guga za ta zauna a ɗakinta, za a kai ta a duba idon, amma guga ta ƙare. Dutsen gugar ya bi su a mota, don ɗan ya san in an bar shi za ta koma.

Idon bai gyaru ba, likita ya ce an makara. Ta yi fushi da ni sosai, in na gaishe ta sai ta juya fuska bango. Abincinta daga tukunyata yake fita, ta ci ta turo kwano ba magana. Wata safiya ina shara na ji ta ce, "Ke mai babban baki, kayan mijinki da kike ninkewa kamar tsumma, kawo su nan in ninke."

Na kai mata. A ɗakin nan ta ƙarasa kwanakinta, a kan gadonta. Ni kuwa har ranar da ta rasu ban yarda an hura wuta a tsakar gidan nan ba sai ina tsaye a wurin.