Amarya, Kin Tafi Da Uwata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, uku ga watan nan, bayan la'asar, ƙanena ya kira ni, ya ce matarsa ta cika. Ke ce, Amarya. Har kika haifi 'ya'ya uku ba mu sake miki wannan suna ba.

Lokacin annoba ina aikin jinya a asibiti, a ɗakin masu cutar, likitoci suka hana mu kusantar tsofaffinmu. Maƙwabta kuwa sai tsegumi: wace irin 'ya ce ke gaida uwarta ta taga? To, ni ce. Ina tsaye a waje da takunkumi a fuska, ina kallonki kina yanke wa Mama farce, kina fifita mata shayi, kina murza mata ƙafa da mai. Kin naɗe shimfiɗarki daga ɗakin mijinki kin koma gefen gadonta. Da mantuwa ta fara kama ta, ta zage ki da safe, ta neme ki da rana, ko sau ɗaya ba ki kai ƙara ba.

Da aka buɗe gari na shiga da gudu na rungume ta. Ta janye jikinta, ta dube ki. "'Yata, wace ce wannan baƙuwar?"

"Haba Mama, Yaya ce fa, 'yar farinki."

Kullum na zo sai kin sake gaya mata. Na ji kishinki, Amarya, kuma wallahi har yau ina ji. Ni ta goya, ke ta riƙe a rai.

Kitson da kika yi mata na ƙarshe yana kanta, ta hana kowa taɓawa. Jiya na ɗauki mataji na zauna ta bayanta yadda kike zama, sai ta kwantar da kai a cinyata.

"Amarya, ina kika shige?"

Na buɗe baki in gyara mata. Sai na ji na ce, "Ga ni, Mama."

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa hidimar nan ta tarbe ki. Allah ya ba ƙanena da 'ya'yanki da iyayenki haƙurin rashi. Mama kam babu mai yi mata ta'aziyya. A wajenta kina nan. Ni ce har yanzu ban dawo ba.