Sikelin Madam Rifkatu

Har gobe ba zan manta da ranar da na kulle kaina a banɗakin Madam Rifkatu da kiret huɗu na lemon citta ba. Ku sababbin ma'aikata an ba ku labarin a karkace, wai Larai ta haukace a Giza, nan gefen Alƙahira. To, ku ji daga bakin mahaukaciyar.

Madam matar wani jami'in diflomasiyya ce, tana haɗa lemon citta mai gas ana saye a bukukuwan 'yan Najeriya. Ita ce mai jari, ni ce mai aunawa da ɗurawa. Aikin nan shi ne abincina, shi ne kuɗin ɗakina a unguwar Ainu Shams.

Ga yadda ake yi. A dafa citta, a tace, a sa yis irin na burodi kaɗan a bari ya yi aikinsa. Ranar ɗurawa sai a auna ɗan sukari a zuba wa kowace kwalba a rufe. Yis ya ci sukarin, gas ya taru. In sukari ya yi kaɗan, lemo ya zama lami. In ya yi yawa, kwalbar gilashi ta koma bam. Shi ya sa muke ɗura lemon a robar ruwa guda ɗaya tare da kwalaben, don gwaji. In ka matsa ta ka ji ta yi tauri, lemo ya isa, sai firij.

A cikin zafin Agusta aka ba mu aikin wani suna a unguwar Hay el-Sabi', matar wani ɗalibi ta haihu. Tsohon sikelinmu ya mutu, Madam ta sayo sabo mai batir, mai araha, tana ta yaba kyansa. Ni kuma da tsantsenina, sai na riƙa barbaɗa sukarin a hankali don kada in wuce giram ɗin da aka ce.

Da safen sunan na matsa robar. Ta yi tauri kamar dutsen guga, gindinta har ya kumbura. Na duba buhun sukari, ya yi ƙasa fiye da ƙima. Na ɗora kofi a sikelin na barbaɗa a hankali. Sukari na taruwa, lamba tana zaune a sifili abinta. Ashe in ba ka zuba masa da ƙarfi ba, shegen sikelin ba ya kula ka.

Na kira Madam na nuna mata, ta gani da idonta. Ta ce wa ya aike ni barbaɗawa kamar mai sa kwalli, kuma ai ƙanƙara za ta kwantar da gas ɗin. Na ce ƙanƙarar tana can gidan suna, tsakaninmu da ita kuwa akwai cunkoson gada da rana da ramukan hanya. In ma kwalaben sun isa lafiya, mata ne za su buɗe, da jarirai a cinya.

“Larai, tasi na jira a ƙasa. Yalla, ɗauki.”

“Madam, ma'alish, ki yi haƙuri, kwalaben nan ba za su fita ba.”

“Kayanki ne ko nawa?”

“Naki ne. Amma hannuna ne ya ɗura su.”

Ta ce in ban sauke su ba, khalas, shi ke nan, in nemi wani aikin. Ba zan yi muku ƙarya ba, tsoro ya kama ni, don Alƙahira ba garin da ake zama hannu rabbana ba ne. Amma haushi ya fi tsoron yawa. Tana shiga ɗaki ɗauko jakarta, na ja kiret ɗin ɗaya bayan ɗaya zuwa banɗaki na murɗa makulli.

Na lulluɓe kowace kwalba da tawul, na kawar da fuskata, na buɗe. Wata ta yi tsartuwa har rufi, wata ta fashe cikin tawul tun kafin in taɓa marfin. Madam na dukan ƙofa tana kiran sunana har da na ubana. Ban buɗe ba sai da na gama da ta ƙarshe. Na fito sharkaf ina warin citta, na ɗauki jakata na kama hanyar tashar jirgin metro. Ba ta sake nemana ba, ni ma ban je roƙo ba. Na sha wuya kafin in samu wannan kicin da muke ciki.

Abin da na koya shi ne, kada ka yarda da sikelin da ba ka gwada shi da hannunka ba, da sauri da kuma a hankali. Sannan a sana'armu in ka hana ɓarna, kada ka tsaya jiran godiya, don mutane abin da suka rasa kaɗai suke gani. A sunan nan ruwan sanyi aka sha, an kuma gaya wa kowa laifin wa. Har yau in muka haɗu da mai jegon a kasuwa ba ta amsa gaisuwata. Da idonta biyu lafiyayyu take hararata, ni kuwa ko a jikina.