Kukan Ƙafar Baya

Mahaifina ya manta sunana kafin ya manta motarsa. Ba ƙorafi nake ba. To, ƙorafin ne, wa zan ɓoye wa?

Ja ce, mai kujera biyu, mai dogon hanci, ta kwanta ƙasa-ƙasa, irin motocin tsere na da. Ya saye ta tun ina goye, lokacin yana da warsharsa ta gyaran mota a unguwar Sultana, a Madina. A cikinta yake zuwa masallacin Kuba kowace Asabar ya yi raka'a biyu, kamar yadda mutanen Madina suka saba.

Da ruɗewar tsufa ta kama shi, Larabcin ne ya fara zubewa. Ya koma Hausa zalla, irin ta iyayensa da suka zo hajji suka zauna. 'Ya'yana su amsa masa da Larabci, ya bi su da kallo kamar baƙi. Ni kuwa, mai furfura a gemu, direba yake ce mini.

Sai dai ranar Asabar. In na zaunar da shi a motar muka baro gida a unguwar Sih, da gudu ya kama, sai ƙafar baya ta hagu ta soma wani gunji ƙasa-ƙasa. Nan take zai karkata kai, ya ɗaga yatsa.

"Ka ji ko, ɗana? Boris ne. Na hagu. Asabar mai zuwa ma canja shi."

Daga nan har Kuba mahaifina ne sak. Ya zagi tuƙina, ya tambayi matata da suna, ya ce ina cin kulocinsa. Wannan 'yar tafiyar ita kaɗai ta rage mini a cikinsa, kuma da ita nake jure sauran kwanakin mako.

Amma kukan ya yi ta ƙaruwa. Wata rana na taɓa ƙafar, zafi kamar kaskon tuya. Na ɗaga ta a jak na jijjiga, tana wasa a hannuna. Ɗan makanike ne ni, na san ƙarshen abin: boris, ƙarfen da ƙafa ke juyawa a kansa, ya ƙone ya cije, ƙafa ta fita da mutum a tsakiyar titi.

Yayata, wadda ke jinyarsa, ta ce, "Ka bar ta haka mana, ai ba nisa. Ka riƙa tafiya a hankali."

Na hau ta da faɗa. Na ce me ta sani a kan ƙarfe? In tsoho ya mutu a titi ita za ta amsa? Ta koma kicin.

Na sha yawo kafin na samu kayan. Samarin shaguna ba su ma san boris ba sai na ce rumman bili da Larabci, su duba, su ce ba a yin irinsa kuma. A wajen wani dattijo na tarar da guda biyu, a kwalin da ya ci ƙura.

A tsakar gida na yi aikin. Na cire taya da gangar birki, na zaro sandar ƙafar da kyar. Irin wannan boris ba ya fita da lalama, akwai zoben ƙarfe da ya danne shi, sai an sare. Na sa kurfi da guduma, zoben ya tsage, boris ɗin ya farfashe, ƙwallayensa suka watse har cikin magudanar ruwa. Na zaro ta dama ma, na kai sandunan biyu can Sultana aka danna sababbi a inji. Duka biyun na canja, don Baba ya sha faɗa mini ba a yi wa mota takalmi ƙafa ɗaya. Wallahi har daɗi na ji, na ce yau na cika masa alkawarinsa.

Asabar ta zo. Muka hau titi, gudu ya kama. Ya karkata kai, yatsansa ya ɗan taso. Shiru. Motar tana tafiya sumul kamar an shafa mata mai. Ya jira, ya jira, yatsan ya koma kan cinyarsa.

"Direba, motar wa ce wannan?"

"Taka ce, Baba."

"A'a. Tawa tana kuka. Mai da ni gida, kada ɗana ya zo bai same ni ba."

Na gwada komai. Na yi gunjin da bakina, ƙato da ni, ya ce, "Malam, lafiyarka kuwa?" Na bi wuraren da ake farke tsofaffin motoci ina neman boris lalatacce, mai kuka. Suka ɗauka na zare. Irin na motar babu, nasa kuma ni na farfasa da hannuna. Yayata ba ta taɓa ce mini ai na faɗa maka ba, da ma ta faɗa na samu wanda zan yi faɗa da shi.

Ba na sa ran komai yanzu, zuciyata ta mutu a kan abin. Ya daina shiga motar. Ranar Asabar yakan sa farar rigarsa, ya zauna a bakin ƙofa yana duban titi. In na zauna kusa da shi sai ya matsa mini, da ladabi.

"Ɗana nake jira," in ji shi. "Za mu canja boris."