Zare Uku na Malam Zayyanu

Malam Zayyanu bai taɓa rabuwa da zare a aljihu ba. Ja, baƙi, kore, ruwan ɗorawa, duk a nannaɗe jikin guntun kara, har muna tsokanarsa a ofis cewa tela ne ya yi ɓatan kai ya faɗo ɗakin littattafai. Ba ya fushi, sai ya yi murmushi ya ci gaba da murza abinsa a cinya. Ni Sakinatu, mai buga tafireta, na fi kowa damunsa da tsiya, kuma ni ce yau nake ba da labarinsa, don akwai hannuna a abin da ya same shi.

Mutumin Augie ne, ɗan manoman albasa. Ya yi karatun zaure har ya iya karanta rubutun hannu komai cakuɗewarsa, amma takardarsa ta boko ta firamare ce kawai, shi ya sa ya tsufa a matakin mai jera littattafai a kanta. Tun muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato aka ɗauke shi aiki a wani ƙaramin ɗakin adana littattafai a Argungu. Wata damina Gulbin Rima ya cika ya shiga gidaje, littattafan malamai suka jiƙe, wasu suka dame kamar kunu. Ba wanda ya sa shi, ya hau kekensa yana bin zauruka a Gulma da ƙauyukan bakin fadama, yana roƙon a ba shi abin da ya tsira ya ajiye inda ruwa ba ya kaiwa. Magana ɗaya yake faɗa ko'ina: ajiya ce, ba kyauta ba, ranar da kuke so ku zo ku karɓi kayanku. Da bakin nan nasa ya tara littafi ɗari uku da ɗoriya.

Irin waɗannan littattafai ba ɗinkakku ba ne. Warƙoƙin takarda ne a sake, an haɗa su tsakanin kwali biyu an zura a gafaka, jakar fatar nan ta malamai. Malam kuwa ya ƙi buga musu hatimi, ya ƙi rubuta ko da lamba a jikin takarda, wai ba a yi wa kayan mutane zane. Sai ya ƙirƙiro tasa hanyar. Zai murza zare kala biyu ko uku, ya yi masa ƙulli gwargwadon yadda ya tsara, irinsa guda uku. Ɗaya ya ɗaura a igiyar gafaka, ɗaya a hujin katin da ya rubuta bayanin littafin, na uku ya ba mai kaya. Katunan nasa kuwa abin dariya ne a wurinmu. Akwai wanda na haddace: gidan Liman Hodi na Gulma, bayan rijiya, hannun Liman ne da kansa, ɗiyarsa Laure ta kawo, ruwa ya ci warƙar ƙarshe.

Da aka ba mu Jihar Kebbi a 1991, aka kwaso littattafan da shi kansa zuwa Birnin Kebbi. Bayan wasu shekaru aka kawo mana kwamfuta, aka tura ni kwas na wata guda, na dawo ina jin kaina kamar ni na ƙera ta. Tare da ita aka ɗauko wani ƙwararre, ya bayyana mana cewa duk ɗakunan karatu za su riƙa cika fom iri ɗaya, yadda mai bincike a Zariya ko a wata ƙasa zai ga abin da muke da shi ba sai ya zo ba. Magana ce mai kyau, har yau ban musa ba. Fom ɗin yana da gurbin mawallafi, sunan littafi, harshe, fanni da yawan warƙa. Malam ya ɗaga hannu a taron ya tambayi inda za a sa sunan mai kaya. Shugabanmu ya ɗauki kati ɗaya ya karanta da ƙarfi, da ya kai wurin bayan rijiya aka fashe da dariya, har da ni. Aka ce masa za a duba maganarsa daga baya.

Lokacin cirar albasa ya ɗauki hutun mako biyu ya tafi Augie. A cikin kwanakin nan ƙwararren ya ga ƙwari a wasu gafakoki, ya ce a zare warƙoƙin duka daga gafakoki, a sa su a sababbin fayil masu lamba. Masinjoji na zarewa, wani malamin Larabci na faɗar sunan littafi, ni ina bugawa. Gafakokin aka cusa a buhuna aka kai sito. Da idona na ga zarurrukan suna reto a bakin buhu, ban yi tunanin komai ba sai yadda za a yaba saurin hannuna.

Ranar da ya dawo bai ɗaga murya ba, kuma da ya yi faɗa da ya fi min sauƙi. Ya ɗauki fayil ɗaya ya juya gaba da baya, ya ajiye a gabana.

Ya ce, “Sakina, wanga na wane gida na?”

Na duba allon kwamfuta. Allon ya gaya min sunan littafin da wanda ya wallafa shi shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Bai san Gulma ba, bai san kowa ba. Katunan Malam suna nan lafiya a durowarsu, littattafan ma suna nan lafiya, amma an yanke abin da ya haɗa su.

Fiye da shekara ya yi yana gyaran ɓarnarmu, ba wanda ya sa shi, ba wanda ya taya shi. Wasu ya gane su da hannun rubutu, wasu da sunan da mai kwafi ya bari a warƙar ƙarshe. Amma akwai littafin fiƙihu guda da kusan kowane gidan malamai ya kwafa, farkonsu ɗaya, kuma ruwa ya cinye ƙarshen yawancinsu. Sha ɗaya suka gagare shi. Na gidan Liman Hodi yana cikinsu.

Wata safiyar Talata Inno Laure ta iso daga Gulma, tsohuwa tukuf, idonta ya fara hazo. Ta kwance bakin zanenta ta fito da zare ja da baƙi mai ƙulli biyu, ya dafe don tsufa. Ta ce ɗanta Usmanu ya fara karantarwa a zauren kakansa, tana so ya karantar daga littafin da kakan ya rubuta da hannunsa, tunda shi kaɗai ne rubutun Liman da ruwa ya bari. Usmanu bai tarar da kakan da rai ba, bai san hannunsa ba. Ita kuma ba ta karatu, gafakar kawai ta sani.

Malam ya gaishe ta a durƙushe, ya gaya mata gaskiya daga farko har ƙarshe, bai ambaci sunan kowa ba. Ya jera fayil sha ɗaya a tabarma. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana shafawa, tana kai su kusa da ido, har da sunsunawa. Na ja shi gefe na ce ya ba ta kowanne mana, ai duk karatu ɗaya ne, kuma ba za ta gane ba. Ya dube ni dubawar da ban manta ba.

“In na ba ta na gidan wani, ran da mai shi yaz zo, mi zan ba shi?”

Ya shiga sito ya daɗe, ya fito da gafaka mai zare ja da baƙi. Tana taɓawa ta gane ta. Ta ce ita ce, ga inda Baba ya ɗinke igiyar da hannunsa. Ta zura hannu ciki ta lalube, duk da ta san ba komai. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba. Ta naɗe gafakar a mayafi ta miƙe.

Ta ce, “Malam, da na bar shi ruwa ya ci, da na san inda yat tahi.”

Ya raka ta har inda ake hawa babur, ya dawo ya zauna a gaban fayilolin, bai ci komai ba ranar. Shekara biyu bayan nan ya yi ritaya ya koma Augie, ya bar min durowar katunansa, sha ɗayan nan kuma suna kan kanta har yanzu, kowanne da lambarsa tsaf.

Bayan tafiyarsa ne, wata rana ina gyara wani kuskure, na danna maɓallin da ban taɓa dannawa ba. Fom ɗin ashe yana da shafi na biyu, a ƙasansa akwai babban gurbi na ƙarin bayani, wanda zai ɗauki kalar zare da ƙulli da sunan gida, har da bayan rijiya. Na je Augie gaishe shi sau uku kafin Allah ya yi masa rasuwa, kuma ko sau ɗaya bakina bai iya faɗa masa ba.