Furen Mangwaron Hajiya Rabi

A duk shekarun da na yi ina shugabantar masu lambu a wani rukunin gidaje a Lugbe, ranar da ta ƙi fita raina ita ce wata Litinin ta watan Janairu, da aka ba ni takardar tuhuma saboda fure.

Ga waɗanda ba sana'arsu ba: mangwaro ɗan aure, wato wanda aka ɗaura reshen iri mai kyau a kan tushen na gida, garaje gare shi. Tun bai wuce ƙugun mutum ba sai ya yi fure. In ka bari ya ɗauki 'ya'ya, ƙarfin da ya kamata ya tafi saiwa ya ƙare a can, bishiya ta tsumbure. Ƙa'ida ita ce a tsinke furen farko.

Akwai irinsu shida a bayan gidan Hajiya Rabi, darakta mai ritaya, waɗanda na kawo daga Bwari na dasa da hannuna. Da safe na shiga na tsinke furen tas. Ashe mako guda ke nan tana ɗaukar su hoto tana tura wa 'ya'yanta.

Ta fito ta tsaya a kaina. "Malam Isa, wa ya aike ka?"

"Aikina ne, ranki ya daɗe."

"Shekara talatin da biyar ina sa hannu a fayil. Ban taɓa ganin abin da na shuka ya fito ba sai wannan."

Maganar ta taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Amma bishiya ba ta san darakta ba.

Kafin azahar manajanmu, Mista Yohana, ya miƙo mini takardar, wai in amsa kafin gobe.

"Oga Isa, kar ka wahalar da ni. Ka rubuta cewa kuskure ne, ka ba da haƙuri, shi ke nan. In ba haka ba, kujerarka ce za ta tafi."

Shekara goma sha biyu na yi ina koyar da aikin gona a sakandare kafin in zo nan. Ban taɓa ba ɗalibi maki a kan amsar banza ba, ban ga dalilin farawa da kaina ba. Na rubuta layi biyu. Na farko: ina ba Hajiya haƙuri don ban sanar da ita ba, wannan laifina ne. Na biyu: tsinke furen daidai ne, kuma in baɗi ba su kai ɗaukar 'ya'ya ba, zan sake.

Yohana ya karanta sau biyu. Ya ce, "Wannan ai lacca ce."

Aka sauke ni, aka mai da ni yankan ciyawar bakin titi, a can na ƙarasa aikina. Har yau ana tambayata ko bishiyoyin sun yi 'ya'ya. Ban koma na duba ba, don ba shaida nake nema ba.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, ku riƙe wannan: bishiya ta mai gida ce, ku gaya masa kafin ku taɓa ta. Amma duk zafin da ya ɗauka, kada ku sa hannu a takardar da ta ce ba ku san aikinku ba.